Sun Sa Inna Ta Faɗi Sunana

Wanda ya fara ƙona mini rai a wannan tafiya wani ma'aikacin kwastan ne mai jan hanci, a filin jirgin saman Beljiyam. Ya buɗe akwatina ya tarar da 'yan mutanena na laka kwance cikin auduga. Ya ɗauki jakin ya shinshina, ya ƙwanƙwasa shi a gefen tebur, sannan ya karya masa wuya yana leƙen ciki. Bai ga komai ba sai laka da waya. Maimakon ya ji kunya, sai ya kai hannu ga na gaba, ya ɓalle wa direban mota ƙafa. Da na ga yatsunsa sun nufi matar da ke naɗe cikin ɗankwali, ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba.

"Wannan uwata ce," na ce masa da Turanci.

Ya dube ni, ya dubi 'yar lakar, ya yi wa abokin aikinsa wata magana da yarensu suka yi dariya. Ya tura mini akwatin da ɗan yatsa ɗaya. Na tsaya ina tsince gutsattsarin jakina a gaban layin mutane, kowa yana tsaki don na tare hanya.

Sunana Haliru, mutumin Dogon Daji ne ni, kuma sana'ata ita ce wadda har yau dangina ba su samo mata suna ba. Ina gina 'yan mutane da lakar fadama, in cuɗa ta da ƙaro, in sa waya a ciki. In tsayar da su, in ɗauki hoto, in ɗan matsa hannu ko kai, in sake ɗauka, haka haka har hotunan su taru su yi motsi. Da wayar hannu na fara, a bayan rumbun Baba, kaji suna tattake mini gari guda idan na juya baya. Mutanena ba su da baki. Baffa Malam, wan mahaifina, shi ya kira ni tun farko ya ce in dai ba zan bar abin nan ba, to kada in cika sura. Na ce to. Na bar ido, na cire baki, muka rabu lafiya.

Fim ɗin da ya kai ni Turai gajere ne, sunansa Wancan. Na aika da rabinsa wata gasa ta intanet, sai wani gidan shirya finafinai a wani ƙaramin gari ya gayyace ni in zo in ƙarasa shi da kayan aikinsu, a gyara sauti da launi. Labarin uwa ne da ɗanta na fari. Ban je nesa neman labarin ba, don ni ɗan fari ne, kuma tunda na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ana yaye ni aka kai ni Fakku wurin kakata, ban dawo gida ba sai da na isa shiga sakandare. Ko da na dawo, "wancan" nake. Ba ta kallona ido da ido, ba ta yi mini magana sai ta bakin ƙanwata Luba. Amma idan na tona tuwona, a ƙarƙashinsa nake samun tsokar da ta fi ta kowa, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ce ta yini tana shara a ƙofar ɗakina, wurin da babu ko tsinke.

Muryar uwar da ke cikin fim ɗin ta Inna ce da kanta. Luba ta sha wuya kafin Inna ta yarda, kuma da sharaɗi ta yarda: kada ina cikin gida lokacin ɗauka.

"Ki ce mishi abin da nika faɗi kullum shi za ni faɗi," in ji ta. "Kada a ƙara min ko gishiri."

Na aika mata da alkawari ta bakin Luba cewa ba za a ƙara ba.

A bakin ƙofar filin jirgin wani mutum ya tare ni, cikin doguwar riga ta sanyi da hular Turawa, yana ɗaga kwali da sunana. Ina shirin haɗa Turancina sai na ji ya ce, "Dogon Daji! An iso lafiya? Ina gajiya?" Wallahi saura kaɗan in rungume shi. Garba ne, ɗan Sanyinna, nan kusa da mu. Ya daɗe a ƙasar, ya auri 'yar can, kuma shi ne mai ba gidan finafinan shawara a kan duk abin da ya shafi Afirka, tun daga Masar har inda ƙasa ta ƙare. Can suna kiransa Gabi. A cikin jirgin ƙasa ya tambaye ni labarin damina da farashin albasa, ya san gidan sarkin fawanmu, ya san mai shayin tasha. Na ce a raina Allah Ya jiƙaina, Ya ba ni ɗan'uwa a inda ban san kowa ba.

Masaukina wani ɗaki ne a can ƙarƙashin rufi, idan na miƙe tsaye kaina ya bugi katako. Ruwan sama ba ya tsayawa, kuma ba ruwan kirki ba ne da zai zuba ya wuce mutum ya ji ƙamshin ƙasa, yayyafi ne mai naci kamar yaro mai ƙiwuya. Kicin ɗaya muke da wasu samari uku, tukunya ɗaya ce babba, kuma duk safiya sai na same ta da maiƙon alade ya daskare a ciki. Na koma burodi da shayi. Bayan gida babu buta, na yanke robar ruwa na ajiye, kullum mai shara ta jefar da ita, kullum in yanke wata. Mutanen unguwar idan na gaishe su sai su ƙara sauri. Na yi kewar fura har na fara jin haushin madarar shagonsu, wadda ba ta tsami ba ta daɗi.

Shugabar gidan finafinan wata mata ce doguwa mai furfura, Madam Ilse. Ranar farko ta karɓi duk hotunana da muryoyin da na zo da su, ta ce za a tace su. Muka zauna aka kunna fim ɗin. Kafin ya ƙare tana hawaye. Kaina ya kumbura, na ce yau ga lakar Dogon Daji ta sa Baturiya kuka. Da na san abin da take wa kuka da ban yi saurin murna ba.

"Wannan jarumta ce," ta ce, tana riƙe da hannuna biyu. "Ka cire musu baki don ka nuna yadda aka hana matanku magana."

Na ce mata a'a, baffana ne ya ce kada in cika sura. Na nuna mata cewa mazan ma ba su da baki, jakin ma ba shi da shi.

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar na ƙara mata hujja. "Har jakin," in ji ta.

Sannan ta tambaye ni tun yaushe na gane mahaifiyata ba ta ƙaunata. Na zaci Turancina ne ya gaza. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari iya iyawata: cewa ba ƙiyayya ba ce, cewa uwa tana ɓoye son ne don ya yi yawa, don kada ta zama marar ta ido a gaban surukanta da iyayenta. Na juya wurin Garba don ya taimake ni da yarensu. Ya yi magana mai tsawo, yana dafa ƙirji, yana nuna ni. Da ya gama, Madam ta dube ni da irin kallon da ake yi wa maraya ranar sallah. Na tambaye shi me ya gaya mata, ya ce, "Bari kawai, na gyara maka."

Haka aka yi ta tafiya. Aikin kansa, ba zan yi ƙarya ba, na ƙaru. Na ga fitilun da ban taɓa gani ba, na koyi yadda ake sa inuwa ta faɗi inda ake so, na gyara jakina da wani danƙo da ya fi ƙaro riƙo. Amma duk baƙon da ya zo gidan sai an kawo shi teburina an nuna masa ni, a yi ƙasa da murya, shi kuma ya dafa mini kafaɗa. Wata tsohuwa har da kawo mini alewa. Na rasa gane ko darakta aka gayyato ko majinyaci.

Abin da ya riƙe ni a garin nan wani ɗan shagon abinci ne bayan tashar jirgin ƙasa. Ƙamshin man gyaɗa ne ya ja ni ciki wata rana da yunwa ta ci ƙarfina. Mai shagon wata dattijuwar Bafulatana ce daga ƙasar Gini, ana ce mata Nene Aisatu. Fulatancinsu ba irin na wajenmu ba ne, ni kuma nawa guntu ne da na tsinta a Fakku wurin masu tallar nono, amma da shi da hannu da "alhamdu lillahi" muka fahimci juna. Takan cika mini kwano da shinkafa da miyar ganye, idan na ce ya isa sai ta ƙara. Ita ta ba ni rigar sanyin mijinta marigayi da ta ga ina rawar ɗari, ita ta ba ni buta ta gaske. Akwai wani ƙaton mutum mai gemu da ke karɓar kuɗi a shagon. Na lura duk lokacin da take nemansa, sai ta buga ludayi a bakin tukunya, ba ta kiran sunansa. Na nuna shi na ce, "Afo?" wato ɗan fari. Ta kawar da kai tana murmushi. Ranar na ci abinci kamar a tsakar gidanmu.

Ita na fara nuna wa fim ɗin bayan an sa masa fassarar Faransanci a ƙasan hoto, aikin Garba. Tana kallo tana dariyar jakin, tana cewa "eyyo" idan uwar ta tura tuwo. Can sai na ga ta ɗaure fuska. Ta sa na mayar baya. Ta ɗora yatsa a kan rubutun, daidai inda Inna ke cewa "wancan", sannan ta waiwaya ta nuna mini bokitin da take wanke tsumma a ciki. Ta sake nuna rubutun, ta sake nuna bokitin. Ɗanta ya zo ya duba, ya ƙarasa mini da Turanci. Ashe duk inda Inna ta ce "wancan", Garba ya rubuta "abin can", kalmar da ake nuna shara da ita. Inda ta ce a ba shi tuwo, ya rubuta a jefa wa abin can abinci.

Na same shi a ɗakin shan shayi na ofis yana ɓare lemo.

"Garba, kai ɗan Sanyinna na. Ka san abin da aka nufi in uwa ta ce wancan."

"Na sani mana," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Ni ma wana, har tsohuwarmu ta rasu ba ta faɗi sunanai ba."

"To don mi kar rubuta haka?"

Ya jefa ɓawon a kwando, ya dube ni kamar ni ne ban da hankali. "Haliru, wanga wuri business na. Wa za shi sayi kunya a nan? Ba su san ta ba, ba su da inda za su aje ta. Ciwo aka saye. Ka ba su ciwo, su ba ka hanya. Ni shekaruna nawa ina ci da wanga? Taimakonka nika yi."

Da Bature ne ya faɗi haka da na ce jahilci ne. Amma wannan ya sha nonon da na sha, ya san komai, ya zauna ya auna ya ga uwata ta fi tsada idan muguwa ce. Da ɗan gari akan ci gari.

Na je wurin Madam na kafe sai an gyara fassarar. Ɗan Nene Aisatu ya zauna da ni a shago muka bi ta layi layi. Madam ta karɓa ba da son ranta ba, ta ce na rage wa fim ɗin ƙarfi. Sannan ta kawo maganar ƙarshensa. A yadda na gina shi, yaron zai hau mota ya tafi birni, uwar ba za ta fito ba. Hannunta kawai ake gani a jikin zana, sai muryarta tana ce wa ƙanwarsa, "Ki ce ma wancan shi riƙa salla kan lokaci." Shi ke nan. Madam ta ce masu kallo za su fita da ƙunci, suna bukatar waraka. Ko zan buga wa mahaifiyata waya ta faɗi sunana sau ɗaya tak a ɗauka? Na yi dariya don na ɗauka wasa take. Da na ga da gaske take, na ce mata ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan nemi wannan ba. Ta ce ta fahimta. Na ɗauka magana ta mutu.

Bayan 'yan makonni, wata ranar da hantsi, aka ce in zo ɗakin sauti, suna da kyauta gare ni. Na tarar da ɗakin cike: ma'aikata, baƙi masu ba gidan tallafi, Garba a gefe yana riƙe da waya yana ɗaukar hotona. Aka zaunar da ni a kujerar tsakiya, aka kashe fitila, aka kunna ƙarshen fim ɗina.

Ga yaron ya hau mota. Ga hannu a jikin zana. Sai zanar ta buɗe. 'Yar lakar da na gina da hannuna, wadda na hana ɗan kwastan taɓawa, ta fito a guje, abin da ban taɓa ɗauka ba. An tsaga mata baki da kwamfuta, ja, yana buɗewa yana rufewa kamar na kifi. Sai na ji:

"Haliru! Haliru ɗana!"

Muryar Inna ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce, har da 'yar shaƙewar nan da take yi tun da hayaƙin murhu ya taɓa mata maƙogwaro. Abin da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga shi.

"Na'am," na ce, da ƙarfi, a gaban kowa.

Ɗakin ya ɗauki tafi. Aka kunna fitila, Madam tana share ido, wani yana bubbuga mini baya. Mai haɗa sautin, wani saurayi mai ɗan kunne, ya matso yana ta zumuɗi ya yi mini bayanin yadda suka yi. Sun ɗura wa wata manhaja duk maganganun Inna da na kawo har ta haddace muryarta. Sai aka sa mutum ya faɗi kalmomin, manhajar ta tufatar da su da muryar. Na tambaye shi wane mutum. Ya nuna Garba. Garba ya ɗaga mini yatsa yana washe baki.

Wato Garba na amsa wa. Garba ne ya shiga maƙogwaron uwata da takalmansa ya kira ni ɗansa, ni kuma na ce na'am. Ban kai bayan gida ba, a kwandon shara na bakin ƙofa na amayar da shayin safe. Har yau idan na tuna sai na tofar da yawu.

Da na dawo na ce a goge shi, yanzu, ina tsaye. Madam ta rikice, kuma na yarda har zuciyarta ba ta ga laifin da ta yi ba, abin da ya ƙara mini ƙyama ke nan. Ta ce sun ba ni abin da aka hana ni tun ina jariri. Na ce wa ya gaya mata an hana ni wani abu? Ta ce ai ga shi na amsa. A nan ta kama ni. Na ce mata dai matar nan tana raye, tana da maƙwabta, tana da surukai, kuma na yi mata alkawari. Ta ce za a cire daga fim ɗin tunda na nace, amma in sani ba su ga yadda za su ci gaba da tallata shi babu wannan ƙarshen ba. Sannan ta ƙara, kamar abin da bai kai a faɗa ba, cewa tun da safe sun sa wannan ɗan yankin a shafinsu na intanet a matsayin somin-taɓi.

Magana zarar bunu ce. Sun sauke shi daga shafin kafin azahar, amma Garba ya riga ya tura shi wani zauren waya na 'yan ƙasar Tambuwal, don a ga irin aikin da yake yi a Turai. Bai tsaya nan ba, ya bi shi da hoton bidiyon da ya ɗauke ni ina amsawa. Washegari Luba ta kira ni, ko gaisuwa babu.

"Yaya, mi kay yi? Mi kay yi ma Inna?"

Ta ce tun safe mata ke shigowa gidanmu, wannan aron rariya, wannan neman wuta, kowa da waya a ƙugu, suna satar kallon Inna. Taubasanta sun samu abin yi, da ta gifta sai su ce "Haliru ɗana" su kwashe da dariya. Wata gwaggonmu ta ce ashe boko har tsofaffi yake lalatawa, an ba ta kuɗin Turawa ta sayar da kunyarta. An yi suna a maƙwabta Inna ba ta je ba. Baba kuwa ya daina zama a dakalin ƙofar gida. Na ce wa Luba ta gaya musu na'ura ce. Ta ce ta faɗa, suka ce na'ura a ina ta san shaƙewar Inna?

Ban jira wa'adina ya cika ba. Na naɗe mutanena a audugarsu. Garba ya biyo ni har matakala yana cewa ina zubar da damar da dubu ke nema, wai nan da wata guda mutanen gida sun manta, ai ƙauye haka yake. Na ce masa, "Allah Shi isa tsakanina da kai," na wuce. Nene Aisatu kaɗai na yi wa sallama. Ɗanta ya gaya mata abin da ya faru. Ta kama haɓa, sannan ta tofar a gefe, ta ƙulle mini dambun nama da goro a leda. Na miƙa mata rigar mijinta, ta ture hannuna.

Daga Legas na hau mota, muka bi ta Yawuri da Jega. Duk tsawon hanyar ina haɗa bayanin da zan yi, ina warwarewa. A tashar Tambuwal, ina sauke akwati, wani ɗan kabu-kabu ya ƙura mini ido, ya taɓo na kusa da shi, sai ya maƙale murya ya ce, "Haliru ɗana!" ɗayan ya ce, "Na'am!" Tasha ta ɗauka. Na saɓa akwatina na shiga motar Dogon Daji, na sunkuyar da kai har muka isa. Fim ɗin dai daga baya na ƙarasa shi da kaina a bayan rumbu, da kukan awaki a cikin sautin, kuma an nuna shi a wurare biyu ko uku da ba su nemi a tsaga wa kowa baki ba. Amma ranar ba fim ne a gabana ba.

Na shiga gida ana gab da la'asar. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai. Ta rame. Da ta ji sallamata ta juya wa ƙofa baya yadda ta saba, ta amsa wa bango. Na durƙusa daga nesa. Luba ta zo ta zauna a tsakaninmu, na shiga yi wa Luba bayani: manhajar, da Garba, da yadda aka yi ban sani ba, da yadda na baro komai na taho. Na yi ta zuba. Wake kawai nake ji yana faɗawa cikin ƙwarya.

"Ki ce mishi na san ba ni ta ba," in ji Inna. "Ba sai an gaya min abin da bakina yaf faɗi ba."

Na ce wa Luba ta roƙar mini gafara, na karya alkawari.

Inna ta ɗauki wata ƙwayar wake ta jujjuya ta, ta jefar wa kaji.

"Ki tambaye shi. An nuna min, da anka kira shi ya amsa. Gaskiya na, ko shi ma na'ura ta?"

Luba ta dube ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce gaskiya ne, ni na amsa.

Hannun Inna ya tsaya a cikin faifan. Da ta yi magana, muryar ta yi ƙasa sosai, sai da Luba ta matsa kusa.

"Ashe yana so," ta ce. Ta ja numfashi. "Ki ce mishi sunan ga ba a ajiye shi ke ba. Kullum sai na faɗe shi, sau biyar, goshina na ƙasa. Wanda nika faɗa ma Yana ji. Shi wancan sai dai shi yi haƙuri."

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa. Inna ta ajiye faifan, ta ɗauki buta, ta yi alwala, ta shiga ɗaki ta shimfiɗa tabarma. Ƙofar a buɗe take, kuma inda nake durƙushe babu nisa. Na miƙe na ɗauki takalmana a hannu, na fita har waje, don kada in ji.